Akwatin Alt da Space na PowerToys: me yake iyawa bayan buɗe manhaja, kuma me ya sa ba ya ganin wasu fayiloli?

Na-Mabera

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata ga waɗanda suka san Windows ciki da bai. Shagon buga takardu da rajistar intanet ne a Mabera, kwamfuta uku: laftof mai Windows 11 da RAM 8GB, sai na tebur guda biyu masu Windows 10, RAM 4GB, da hadis irin na da mai juyawa. An saka mana PowerToys, wato tarin ƙananan kayan aiki na Microsoft, a dukansu, aka nuna mana cewa in an danna Alt da Space wani ɗan akwati zai fito a tsakiyar allo, a rubuta sunan manhaja ta buɗe. Iyakar amfanin da muke yi da shi ke nan.

Damuwata uku ce. A kan na teburin akwatin yana nauyi, kuma sakamakon yana tsalle: kana shirin danna Enter a kan Word sai wani abu ya hau samansa, ka buɗe abin da ba shi kake nema ba. Na biyu, takardun kwastomomi suna cikin D:, amma in na rubuta sunan fayil ba ya fitowa, na cikin filashi kuwa ba a ma magana. Na uku, akwai wata 'yar manhajar rage nauyin hoton fasfo da ba a girka ta, daga folda kawai ake kunna ta, ita ma ba ya ganin ta. Lokacin rajistar JAMB da na furojet ɗin ɗaliban jami'ar Danfodiyo shago yakan cika, kowane minti yana da daraja. Don Allah a taimaka da bayani dalla-dalla, har da abubuwan da yake yi da ba mu sani ba.

Injiniyan Runjin Sambo

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sunan wanga akwati PowerToys Run, kuma ba manhaja ɗaya ba ne. Ƙananan sassa ne da yawa anka haɗa, kowane da aikinshi: mai neman manhaja, mai neman fayil, mai lissafi, mai duba tagogin da ke buɗe, mai neman saiti, da sauransu. In ka rubuta kalma tsurarta, duk sassan da anka bari a buɗe suna amsawa lokaci guda. Mai neman manhaja shina da sauri, mai neman fayil shina biyo baya, musamman kan hadis mai juyawa. Abin da yas sa sakamako ke tsalle ke nan: amsar da ta makara ta iso ta ture wadda kake kallo.

Maganin shina cikin saiti. Buɗe PowerToys, shiga PowerToys Run, gangara ƙasa inda anka jera sassan. Kowane in ka buɗe shi za ka ga wani ɗan gurbi mai suna Include in global result. Cire alamar daga Windows Search (mai neman fayil), da Web Search, da Windows Settings, da Window Walker (mai duba tagogi), da duk wanda ba ka buƙata kowane lokaci. Ka bar ta kan Program da Calculator da Folder kawai. Sassan da ba ruwanka da su, irin su Registry da OneNote da na Visual Studio Code, kashe su gaba ɗaya. Daga nan kalma tsura manhaja kawai za ta nemo, tsallen ya ƙare.

Waɗanda ka cire ba su ɓace ba. Kowane shina da alamar da ake kiranshi da ita a farkon rubutu, kuma nan ne ainihin amfanin akwatin yake.

Alamar = ta lissafi ce. A ce furojet ne mai shafi 86, kwafi huɗu, naira 50 kowane shafi, da ɗauri naira 1500 kowane kwafi. Rubuta = 86*50*4+1500*4, za ka ga 23200. Danna Enter, amsar ta shiga ma'ajiyar kwafi, sai ka liƙa ta cikin rasit da Ctrl da V. Abu biyu ke ɓata lissafi a nan. Kada ka sa waƙafi tsakanin lambobi, rubuta 12500 haka nan. Sannan alamar % a wanga akwati ba kashi cikin ɗari take nufi ba, ragowar rabawa take bayarwa. In harajin VAT na kashi 7.5 za ka ɗora, ninka da 1.075.

Alamar %% ta sauya ma'auni ce. %% 100 ft in m zai ba ka mita 30.48. Masu takardun fili suna yawan buƙatar wanga: fuloti ƙafa 50 da 100 shi ne = 50*100*0.0929, wato wajen murabba'in mita 464.5. Kuɗin ƙasashe kam ba shi sauyawa, kada ka wahalar da kanka.

Alamar < ita ce nake ganin za ta fi yi maka amfani ran da shago ya cika. Tana neman tagogin da ke buɗe da sunansu. In kana da takardun Word takwas a buɗe, rubuta < da wani yanki na sunan takardar, Enter, ka faɗa kanta kai tsaye ba sai ka yi ta zagaye da Alt da Tab ba. In wata manhaja ta maƙale, nemo ta haka nan ka danna Ctrl da Delete, zai kashe ta daga tushe. Ka sani duk abin da ba a adana ba ya tafi, kuma in tagogi da yawa na manhaja ɗaya ne, duka za su rufe tare. Ctrl da F4 shi ke rufe taga ɗaya cikin lalama.

Alamar ! ta hidimomin Windows ce, kuma ga mai firinta wagga kaɗai ta isa dalilin riƙe akwatin. In takardu sunka cunkushe a layi firinta ta ƙi motsi, rubuta ! spooler, Print Spooler, hidimar da ke kula da layin firinta, zai fito da maɓallan tsayarwa da sake kunnawa a gefenshi. Sau da yawa sake kunnawa ta wadatar. In ta ƙi, tsayar da shi, shiga C:\Windows\System32\spool\PRINTERS ka share abin da ke ciki, ba foldar kanta ba, sannan ka kunna. In ka yi ƙoƙarin sharewa ba ka tsayar da hidimar ba, Windows zai ce fayilolin suna cikin aiki.

Sai $ ta saiti, misali $ printers ko $ data usage. Sai > ta umarni: > shutdown /s /t 1800 zai kashe kwamfuta bayan minti talatin, > shutdown /a ya soke. Cikin saitin wanga sashe akwai Keep shell open, kunna shi, in ba haka ba baƙar tagar za ta rufe kafin ka karanta abin da ta rubuta. Sai !! da ke dawo maka da abubuwan da ka taɓa zaɓa a baya. Sai ?? da ke kai tambaya intanet.

Gargaɗi ɗaya kafin in wuce. Akwatin shina karɓar shutdown da restart da lock a matsayin umarni muddin alamar Include in global result tana kan sashen System Commands. Yaron shago shi rubuta rabin kalma shi danna Enter, kwamfuta ta mutu da aikin kwastoma a kai. Shiga sashen System Commands ka kunna zaɓin da ke sa a tambaye ka tabbaci tukuna.

Batun manhajarka ta fasfo kuwa, mai neman manhaja ba shi yawo cikin hadis duka. Jerin Start yake dubawa, da fuskar Desktop, da 'yan wuraren da Windows ya san manhajoji ke zama. Danna Windows da R, rubuta shell:programs, folda za ta buɗe. Jawo fayil ɗin manhajar zuwa ciki da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Create shortcuts here. Sa ma gajeriyar hanyar suna mai sauƙi, kamar fasfo. Haka za ka yi wa shafukan da kuke shiga kullum: ƙirƙiri gajeriyar hanya zuwa Chrome ko Edge, cikin gurbin Target ka bar tazara bayan alamar zance ta ƙarshe ka ƙara adireshin shafin, ka sa mata suna jamb ko neco ko remita. Haruffa uku da Enter, shafi ya buɗe.

Malamar Kwamfuta, Arkilla

Injiniya ya gama da na farko da na uku, Allah ya saka. Bari in ɗauki na biyu, domin a nan mutane suka fi zargin akwatin a kan laifin da ba nasa ba.

Ƙanena, in ka rubuta ?, wato alamar neman fayil, da sunan fayil, PowerToys Run ba ya bincika hadis da kansa. Tambayar Windows Search yake yi, shi kuma Windows Search daga kundinsa yake amsawa, kamar mai gadin da ba ya sanin kowa sai wanda aka rubuta a littafin ƙofa. Yadda Windows ke zuwa, kundin nan bai wuce foldojin mai amfani ba, su Documents da Pictures da Music da Desktop. D: ɗinka ba ta ciki sam.

A Windows 11 ka shiga Settings, Privacy & security, Searching Windows. A Windows 10 kuma Settings, Search, Searching Windows. Za ka tarar da zaɓi biyu, Classic da Enhanced. Na biyun yana shigar da kwamfutar gaba ɗaya cikin kundi, kuma shi yawancin mutane ke dannawa saboda sauƙi. Ban ba ka shawararsa ba a kan na teburin nan. Hadis mai juyawa da RAM 4GB zai shafe sa'o'i yana aiki, ga zafin Sakkwato a watan Afrilu da fanka ke ta kuka, ga wuta da za a iya ɗaukewa ana tsaka da ginin kundin. Bar shi a Classic, ka danna Customize search locations, Modify, ka sa alama a kan foldar takardun kwastomomi kaɗai da ke cikin D:. In da foldar finafinai ko ta manhajojin girkawa a wurin, kada ka haɗa da su.

Kundin ba ya ginuwa nan take. Windows yana rage masa gudu muddin ana amfani da kwamfutar, kuma a laftof yana ja da baya in tana kan batir. Saboda haka ka yi wannan gyara lokacin da akwai wuta ko sola ta cika, ka bar na'urar a kunne ba mai taɓawa. A saman tagar Indexing Options za ka ga adadin abubuwan da aka shigar, da rubutun da ke nuna an kammala. Kafin ka ga wannan rubutu kada ka yanke hukuncin cewa bai yi aiki ba. In kuma an kammala amma sakamako yana kawo fayilolin da aka share tuntuni ko yana tsallake sababbi, kundin ya lalace, abin da yawan mutuwar kwamfuta ba shiri ke jawowa. Advanced, sannan Rebuild.

Akwai wata fa'ida da kundin Windows ke da ita wadda bai kamata a raina ba: yana karanta abin da ke cikin takardun Word da PDF, ba sunan kawai ba. Ɗaliba ta dawo bayan wata biyu, ta manta sunan da aka sa wa fayil, amma tana tuna taken furojet ɗinta ko lambar rajistarta. Rubuta wannan a gurbin nema na File Explorer zai iya fito da takardar, domin alamar ? ta akwatin sunan fayil kaɗai take dubawa. Sai dai PDF ɗin da aka yi da na'urar sikana hoto ne kawai, babu rubutun da za a karanta a ciki, don haka irinsa sai da suna.

Filashi kuwa Windows ba ya sa ta a kundi, kuma daidai ne, tunda yanzu tana nan anjima ta tafi. Amma akwai wani sashe mai suna Folder da ba ya buƙatar kundi. Rubuta E:\ kawai, ko duk harafin da filashin ta samu, zai jero abin da ke ciki. In ka rubuta E:\>*.pdf zai shiga har ƙananan foldoji ya kawo duk PDF. Alamar > ita ke cewa a shiga ciki, tauraron kuma yana tsayawa a madadin kowane suna. Wannan hanya tana da wani alfanu na daban. Filashin ɗalibai da yawa suna ɗauke da ƙwayar cutar nan da ke ɓoye foldoji ta bar gajerun hanyoyi na bogi masu kama da su. In ka nemi *.pdf ko *.docx kai tsaye, ba ka da dalilin danna waɗancan.

Da sakamako ya fito, ba Enter kaɗai ake dannawa ba. Ctrl da Shift da E yana buɗe foldar da fayil ɗin yake zaune. Ctrl da C yana kwafe cikakken adireshinsa, wanda za ka iya liƙawa a gurbin File name lokacin ɗora takarda a shafin rajista, maimakon bin folda bayan folda. Ctrl da Shift da Enter yana kunna manhaja da ikon mai gudanarwa.

Mai Gyara na Emir Yahaya

Malama da Injiniya, bayaninku babu gyara. Amma ni ina da ja a kan tushen maganar: kwamfutocin teburin nan biyu ba su dace da PowerToys ba. Tarin kayan aiki ne masu yawa, kowanne yana zaune a RAM yana jira. In dole sai an bar shi, to a shiga babban shafinsa a kashe komai, su FancyZones da Color Picker da sauransu, a bar Run kaɗai. Sannan a General a kashe sauke sabuntawa da kansa, domin fayil ɗinsa ɗaruruwan megabait ne, a kwamfuta uku kuwa data ce mai yawa. In da wayar hannu kuke ba su intanet, a shiga bayanan wannan Wi-Fi ɗin a kunna Metered connection, wannan zai taka wa shi da Windows Update birki.

Don neman fayil da suna, abin da nake saka wa irin waɗannan na'urori shi ne Everything na voidtools. Kyauta ne, bai kai megabait uku ba, kuma yana aiki har a Windows 7 da 32-bit inda PowerToys ba ya shiga ko kaɗan, tunda shi sai Windows 10 sigar 2004 zuwa sama mai 64-bit. Sirrin saurinsa shi ne ba ya buɗe fayiloli. Teburin da tsarin NTFS ke ajiye sunayen duk abin da ke hadis yake karantawa kai tsaye, sannan ya ci gaba da bin rajistar canje-canje. Hadis cike da takardu yakan gama da shi cikin daƙiƙoƙi ko minti ɗaya. Wajen girkawa a zaɓi Install Everything Service, in ba haka ba kullum zai riƙa neman izinin mai gudanarwa.

Sa masa maɓallin kira a Tools, Options, Keyboard, gurbin Toggle window Hotkey. Zaɓi haɗin da wata manhaja ba ta amfani da shi.

Yadda ake tambayarsa shi ne abin koyo. Tazara tana nufin "da": aisha siwes zai kawo duk fayil ɗin da sunansa ke da kalmomin biyu, ko wacce ta riga. Tsayayyen layi | yana nufin "ko", alamar ! tana cirewa. ext:doc;docx yana taƙaita nema ga takardun Word. dm:today na abin da aka gyara yau ne, dm:thisweek na wannan mako. size:>100mb yana tono manyan fayilolin da suka cinye wuri. dupe: yana nuna masu suna iri ɗaya a wurare daban-daban. Ana haɗa su: d:\kwastoma\ ext:pdf dm:thisweek. Tambayar da kuke yawan yi a ajiye ta a Bookmarks.

A kan filashi, yawancinsu FAT32 ko exFAT ne, ba su da wancan teburin na NTFS, don haka Everything ba zai gan su da kansa ba. Hanyar Malama ta E:\> ta fi sauƙi ga filashin baƙi. In taku ce ta shago da ke zama a jiki, a ƙara ta a Options, Indexes, Folders. Hadis na waje da kuke ajiye tsofaffin ayyuka kuwa, a jona shi sau ɗaya, a nemo duk abin da ke cikinsa, a yi File, Export a matsayin efu, wato fayil ɗin jerin sunaye na Everything, a ƙara wannan a File Lists. Daga nan ko hadis ɗin yana cikin durowa za ku san ko takardar tana cikinsa kafin a ɗauko.

Abin da nake roƙo a kula da shi: Everything ba ya ɓoye sunan komai. Shago irin naku cike yake da takardun NIN da sakamakon jarrabawa da hotunan mutane. In kwastomomi suna zama a kan na'urar da kansu, a sa foldar nan a Indexes, Exclude a waccan na'urar, kuma kada a kunna HTTP Server ko ETP da ke cikin saitinsa, domin suna buɗe jerin fayilolin ga duk wanda ke kan Wi-Fi ɗaya da ku. Amanar mutane ce.

Na-Mabera

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara ilimi. Tsallen ya daina, fasfo tana fitowa, kuma na saka Everything a na teburin. Saura abu biyu. Na kwafo takarda daga filashin wani yau ɗin nan, na rubuta dm:today, ba ta fito ba, alhali ga ta a folda. Sannan fayilolin ɗaliban sashen Hausa da sunansu ke da ƙ ko ɗ, in na rubuta da k ko d a akwatin Alt da Space ba kullum nake samun su ba. Ina matsalar take?

Mai Gyara na Emir Yahaya

Na farkon ba matsala ba ce, haka Windows yake. Kowane fayil yana da ranar gyara da ranar ƙirƙira. In ka kwafo shi daga filashi, ranar gyara tana biyo shi yadda take, ko da bara ce. Ranar ƙirƙira ce ke zama yau, domin yau aka haife shi a hadis ɗinka. Rubuta dc:today. Zai ɗan yi jinkiri saboda Everything ba ya ajiye wannan rana sai an ce masa. A Options, Indexes, ka sa alama a Index date created, zai sake gina jerinsa sau ɗaya, daga nan ya koma sauri.

Tunda na teburin tsofaffi ne, duba agogonsu ma. In kowace safiya kwanan wata yana komawa wata shekara ta baya, ɗan batirin CR2032 da ke kan madabod, wato babban allon da ke cikin kwamfutar, ya mutu. Duk fayil ɗin da aka adana kafin a gyara agogo zai ɗauki ranar ƙarya, kuma dm da dc duka za su ɓace maka da shi. Shafukan rajista ma sukan ƙi buɗewa da kukan takardar tsaro saboda wannan dalilin. Batirin ba shi da tsada, canza shi minti biyar ne.

Malamar Kwamfuta, Arkilla

Na biyun kuma, a wurin kwamfuta ƙ da k haruffa ne mabambanta, kowanne da lambarsa, haka ɗ da d, ɓ da b. Kada ka dogara cewa mai nema zai ɗauke su ɗaya. Abin da ya ƙara tsananta shi a akwatin Alt da Space shi ne Windows Search daga farkon kalma yake kamawa. In sunan fayil ƙidaya ne, rubuta idaya ba zai taimaka a can ba. Everything kuwa yana kama kowane yanki na suna, don haka idaya zai kawo shi, ko da ƙ aka rubuta ko da k. Ka tsallake harafin mai lanƙwasa ka rubuta sauran.

In kana son buga haruffan da kansu, Windows yana da allon madannai na Hausa, ana ƙara shi a saitin harshe, a riƙa sauyawa da Windows da Space. Ko kuma a laftof ɗin da PowerToys zai ci gaba da zama, Keyboard Manager yana iya ɗaura rubutu a kan haɗin maɓallai, ka sa wani haɗi ya riƙa fitar da ƙ, wani ɗ.

Amma shawarata ga shago ita ce a raba abu biyu. Cikin takarda a rubuta Hausa da haruffanta cikakku, wannan haƙƙin harshen ne da na ɗalibin. Sunan fayil kuwa a yi shi da haruffa marasa lanƙwasa, domin wasu shafukan ɗora takardu suna ƙin suna mai baƙon harafi ko su dagula shi. Ku tsayar da tsari ɗaya da kowa a shagon zai bi: shekara da wata da rana, sunan mai aiki, irin aikin, misali 2025-03-14 aisha siwes babi2. Rana a gaba da wannan jeri tana sa fayiloli su jeru da kansu bisa lokaci, kuma ba ruwanta da mutuwar batirin agogo. Fayil ashirin masu suna Document1 ko final final, babu manhajar da za ta gaya maka wanne ne na wa.

Injiniyan Runjin Sambo

Na yarda da Mai Gyara kan na teburin, Everything da Windows da R sun ishe su. A laftof kuwa ana iya haɗa biyun: akwai ƙarin sashe da wasu sunka rubuta mai sa Everything shi amsa daga cikin akwatin Alt da Space. Ba na Microsoft ba ne, ana zuba shi cikin %LOCALAPPDATA%\Microsoft\PowerToys\PowerToys Run\Plugins bayan an rufe PowerToys. Sharaɗi biyu: Everything ɗin shi zama cikakke ba sigar Lite ba, don ita ba ta magana da wasu manhajoji, kuma sigar sashen ta dace da ta PowerToys ɗinka. In anka sabunta ɗaya anka bar ɗaya, sai ka ga saƙon cewa sashen ya kasa lodi.

Wani abu da za ka ci karo da shi: Alt da Space tun asali maɓallin Windows ne na ɗan jerin Move da Minimize na kowace taga, PowerToys ya karɓe shi. Ran da taga ta maƙale a wajen allo bayan an cire furojekta ko allo na biyu, wancan jeri ake nema. Riƙe Shift ka danna dama kan hoton tagar da ke fitowa a taskba, jerin zai fito, ko ka riƙe Windows da Shift ka danna kibiyar hagu ko dama. In abin ya dame ka, canza maɓallin kiran akwatin a Activation shortcut.

Sababbin sigogin PowerToys tun 2025 suna zuwa da wani akwati na biyu, Command Palette, da ake kira da Windows da Alt da Space, wanda Microsoft ke nufin shi gaji Run. Kada ka bar su biyun a kunne kan na'ura mai ƙaramin RAM, zaɓi ɗaya. Alamominsu ba duka sunka zo ɗaya ba, don haka in ka koma sabon ka duba jerin nashi kafin ka koya ma yaran shago.

Tunda laftof ɗin ce ke riƙe aiki in an ɗauke wuta, gwada wanga ma: > powercfg /batteryreport. Zai rubuta fayil mai suna battery-report.html, kuma in ka kunna Keep shell open za ka ga inda ya ajiye shi. Buɗe shi ka kwatanta Design capacity da Full charge capacity. In na biyun ya faɗi ƙasa da rabin na farko, fara neman batir tun kafin lokacin rajista ya zo.